Tsinin da ke fitowa a lissafin rami: na gaske ne ko kwamfuta ce ke ƙirƙiro shi?

Dalibi_BK:
Assalamu alaikum malamaina. Ina neman taimako kan matsalar warwatsuwar igiya daga rami. Shimfiɗar ƙarfe ce a kwance, an haƙa rami mai kusurwa huɗu a cikinta, faɗi a = 1, zurfi d = 2. Ikweshan Helmholtz ne, Δu + k²u = 0, inda u filin igiyar ne, k kuwa 2π bisa tsawon zango, kuma u = 0 a kan ƙarfen da bangon ramin duka. Na yi shi da FEM, hanyar raba yanki zuwa ragar ƙananan gutsattsari, mai alwatika na mataki na ɗaya, ɗigo goma a kowane tsawon zango. Na yanke sararin sama da rabin da'ira mai R = 3, na sa mata sharaɗin ∂u/∂r = iku. Ina tafiyar da k daga 1 zuwa 40. Zanen yana fitar da tsini da yawa, kuma daga k = 20 zuwa sama bai dace da abin da abokin aikina ya samu ta hanyar jera salon kaɗawa ba. Ta yaya ake gane tsinin da rizonans ne na gaske da wanda kuskuren lissafi ne? Kuma ai a littattafai ɗigo goma sun isa, ko ba haka ba?

Malam_Gwandu:
Wa alaikumus salam. Kafin a taɓa raga, wace u ce ka sa wa sharaɗin wajen? Sharaɗin Sommerfeld na 1912, mai cewa igiya waje take tafiya ba ta dawowa, na igiyar da ta warwatsu ne kaɗai. A matsala irin wagga, sai ka cire abu biyu daga jimlar fili, igiyar da ta shigo da wadda shimfiɗa za ta mayar ko da babu rami: exp(i(αx − βy)) − exp(i(αx + βy)). Abin da ya rage shi ne aikin ramin, shi ka tafiya waje yana raguwa kamar 1/√r. Da yawa suna cire ta farko su manta ta biyu, sai komai ya lalace tun daga k ƙarami.

Dalibi_BK:
Allah ya gafarta Malam, duka biyun na cire.

Dakta_Aliero:
To madalla, mu je ga ɗigo goman. Wannan ƙa'ida tana aiki ne idan yankin bai wuce 'yan zanguna ba. A FEM na mataki na ɗaya igiyar da ke cikin raga ba ta tafiya da k ɗin da ka ba ta, tana tafiya da k − k³h²/24, inda h girman idon raga ne. Da ɗigo goma, kh = 0.628, saɓanin ya kama kashi 1.6 cikin ɗari. Yana da kamar ƙanƙane, amma taruwa yake yi a kan hanya. Igiyar za ta sauka ƙasan rami ta dawo, tafiyar 4 ke nan. A k = 5 saɓanin taki ya kai radiyan 0.33. A k = 40 ya kai 2.6, kusan rabin zango. Rizonans kuwa ba komai ba ne illa igiya ta dawo baki takinta ya dace da na mai shigowa, don haka tsininka duk sun gusa, kuma gusawar sama take yi. Ihlenburg da Babuška sun bayyana wannan a 1995: abin da za ka riƙe ƙarami shi ne k³h², ba kh kaɗai ba.

Idan ka nace kan mataki na ɗaya kana son saɓanin ya tsaya a radiyan 0.1 a k = 40, kana bukatar ɗigo kusan 51 a zango, wato abubuwan nema wajen miliyan 1.7 a yankinka. Ka koma mataki na biyu. Can saɓanin (kh)⁴/1440 ne, da ragar da kake da ita yanzu zai sauka zuwa radiyan 0.017, abubuwan nema kuma wajen 260,000. Laftof mai RAM giga 8 za ta ɗauka.

Injiniya_Gusau:
Na yarda da Dakta, amma bai kamata a bar rabin da'irar nan ba. Sharaɗin ∂u/∂r = iku yana shanye igiyar da ta zo masa kai tsaye ne kawai. Wadda ta zo a karkace yana mayar da (cosθ − 1)/(cosθ + 1) nata: a digiri 45 kashi 17 cikin ɗari, a digiri 60 sulusi cur. Kuma ya bar −1/(2R) da lanƙwasar da'ira take bukata. Abin da ya dawo zai koma rami ya sake fitowa, sai ka ga zanen yana ɗan hawa da sauka a tazarar kusan π/R, wato 1.05 a wurinka. Gwaji mai sauƙi: mayar da R zuwa 3.7. Duk tudun da ya motsa na iyaka ne, ba na rami ba. Kar ka zaɓi R = 6, don ninki biyu zai iya mayar da wasu tudun wurin da suke.

Hafsat_Zuru:
Ni zan koma ɓangaren abokin aikin nasa, domin an ɗauka kamar shi ne ma'auni, alhali hanyarsa ma tana da tarkonta. A cikin rami ana rubuta u a matsayin jimlar sin(nπx) sau sin(βₙ(y + d)), inda βₙ = √(k² − n²π²). Yawanci ana raba kowane salo da sin(βₙd) don lambarsa ta zama ƙimarsa a bakin rami. To duk inda sin(βₙd) = 0 an yi rabo da sifili. A raminku wannan yana faruwa a k = π√(n² + m²/4): 3.51, 4.44, 5.66 da sauransu. Waɗannan lambobin akwati rufaffe ne, babu ruwansu da rami buɗaɗɗe. Idan ka ga tsini siriri daidai a kansu, kuma yana ƙara tsawo duk lokacin da ka matso, na lissafi ne.

Abu na biyu, idan nπ ya wuce k, βₙ ya zama na zato, sin ya koma sinh. Da d = 2, daga n = 113 ko kusa da haka lambar ta wuce abin da kwamfuta ke iya riƙewa, sai ta fitar da inf (marar iyaka) ko NaN (ba lamba ba). A rubuta da coth ko tanh tun farko. A Python kuma a kula: numpy.sqrt na lamba ƙasa da sifili NaN yake bayarwa idan ba a mayar da ita kompiles ba, kuma −4 − 0j yana ba da −2j, reshen da ke girma maimakon dushewa.

Dalibi_BK:
Malama, akwai tsini kusa da 3.4 a zanena da nasa. Shi ma na ƙarya ne?

Hafsat_Zuru:
A'a, wannan ya yi kama da na gaske. Salo na farko ba ya shiga rami sai k ya wuce π, wato sai faɗin ya fi rabin zango. Baki buɗaɗɗe yana tsakanin rufaffe da sakakke, don haka β₁d na rizonans na farko yana tsakanin π/2 da π, k kuma tsakanin 3.24 da 3.51. Naka yana ciki.

Malam_Gwandu:
Ga hujjar lissafi da za ta kwantar ma da hankali, ɗana. A rami buɗaɗɗe babu k na zahiri da amsa za ta tafi marar iyaka. In babu igiya mai shigowa, ka ɗauki ɓangaren zato na dokar Green, za ka ga ƙarfin da ka fita waje sifili na. Lemar Rellich ta 1943 ta ce to filin sifili na a nesa, ci gaba na tilo kuma ya kai sifilin har cikin rami. Amsa guda ɗaya ta, ga kowane k. Rizonans na gaske suna ƙasan layin zahiri, k = k₀ − iγ, in anka ɗauki exp(−iωt). Abin da kake gani a zane inuwarsu ta: tsini mai tsawo iyakantacce, mai faɗi kusan 2γ. Don haka duk tsinin da ba shi da faɗi, ka tuhumi hanyarka.

DanKaura:
Ranka ya daɗe, a aikace akwai matsala da wannan ma'aunin. A rami mai zurfi, salon da ya tsallake iyakar shigarsa da ƙyar yana da γ ƙarami sosai. Idan yaron nan yana tafiyar da k da taki 0.1, tsini mai faɗi 0.01 zai fito masa a ɗigo ɗaya tak ko ya tsallake shi gaba ɗaya. Ba zai iya bambance shi da na ƙarya da ido ba. Sai ya koma kusa da kowane tsini ya rage takin har ya samu ɗigo bakwai ko goma a kansa, ya ga ko tsawon ya tsaya.

Malam_Gwandu:
Haka na. Ba mu saɓa ba.

Argungu_Taswira:
Malamai, ku yi haƙuri in ɗan karkata, don lissafin nan shi muke cin abinci da shi a taswirar ambaliya. Tauraron radar Sentinel-1 yana aiki a gigahaz 5.405, tsawon zango santimita 5.55. Ƙa'idar Rayleigh ta ce doro sumul ne idan tsayin gargadarsa bai kai λ/(8cosθ) ba, inda λ tsawon zango ne, θ kuma kusurwar faɗowar igiya. A digiri 35 wannan milimita 8.5 ne kacal. Ruwan da ya kwanta a fadamar Rima yana ƙasa da haka, yana jefa igiyar gaba kamar madubi, sai ya fito baƙi a hoto. Gonar da aka yi wa huɗa tana fitowa da haske. Da haka ake zana iyakar ruwa, irin wanda ya ci shinkafar Kebbi a 2020.

Inda ake yin kuskure wuri biyu ne. Idan iska ta taso, ƙananan raƙuman ruwa masu tazarar λ/(2sinθ), wajen santimita 4.8, suna mayar da igiya baya da taki ɗaya, sai tafki ya yi haske a ɗauka tudu ne. Na biyu, shinkafar da ta fito saman ruwa: igiya ta bugi ruwa, ta bugi kara, ta koma wa tauraro, sai gonar da ta nutse ta fi busasshiya haske. Wanda ya sa iyaka ɗaya ta duhu zai rasa ainihin gonakin da ake nema. Tambayata, kunyoyin gona da ke jere za a lissafa su a matsayin gargada ta barkatai ko a matsayin ramuka masu maimaituwa?

Injiniya_Gusau:
Duka biyun ne a kan juna, Malam. Kunya tana da tazara wajen santimita 75, ta ninka zangon fiye da goma, don haka ita karkata doron take yi, ɓurɓushin ƙasar da ke kanta shi ke warwatsawa. Shi ya sa gona ɗaya take canza haske gwargwadon ko tauraro ya kalli kunyoyin a gicciye ko a tsaye. Hanyar ƙaramar girgiza ta Rice ta 1951 tana so k sau tsayin gargada ya gaza 0.3, a zangonku milimita 2.6 ke nan, gonar da aka nome ta wuce nan nesa. Ga kunyar kanta kusantar Kirchhoff ta fi dacewa, muddin lanƙwasarta ta fi zango girma.

Baba_Fiziks:
Tunda an zo kan doro mai maimaituwa, a ba ɗalibai misalin kwanon rufi, yana koyar da abubuwa uku lokaci guda. Kwano na gargajiya tazarar tudu zuwa tudu milimita 76 ce, zurfi wajen 18. Dokar ita ce sinθₙ = sinθ + nλ/d, a nan d tazarar ce, θₙ kuma kusurwar da reshe na n yake fita. Wi-Fi na gigahaz 2.4 zangonsa santimita 12.5 ne, ya fi tazarar, don haka idan ya faɗo kai tsaye reshe ɗaya ne ke fita, kwanon tamkar shimfiɗa ne a wurinsa. Sai kusurwar ta wuce digiri 40 reshen −1 yake ɓullowa. A gigahaz 5.4 kuwa, ko kai tsaye, rassa uku ne: na tsakiya da biyu a digiri 47 hagu da dama.

Na biyu, a wajen gigahaz 3.95 zango ya yi daidai da tazarar, reshen ±1 ya kwanta a kan doron. Wannan shi ne irin abin da Wood ya gani a 1902, Rayleigh ya yi masa bayani a 1907. A nan βₙ = 0, kuma aikin Green mai maimaituwa yana da 1/βₙ a cikinsa, sai lissafi ya fashe alhali filin kansa lafiya lau yake, ƙwanƙwasa ce kawai a zane.

Na uku ya fi muhimmanci. Rayleigh ya ɗauka jerin igiyoyi masu fita yana aiki har cikin kwarin doron. Ga doro mai siffar sin, wannan gaskiya ne kawai idan 2π sau rabin zurfi bisa tazara ya gaza 0.448. A kwano, 2π × 9/76 = 0.74. Ya wuce. Wanda ya dasa jerin a kan ɗigogin doron zai ga ƙara yawan rassa yana ɓata amsa maimakon gyara ta.

Hafsat_Zuru:
Baba, a ƙara da cewa jerin da aka yanke yana iya kusantar amsa idan an daidaita shi ta hanyar rage murabba'in kuskure, ko da an wuce 0.448. Sai dai matiriks ɗin yana lalacewa da sauri.

Baba_Fiziks:
Gaskiya ne 'yata, a takarda yana yiwuwa. A kwamfuta mai lambobi goma sha shida ba na ba ɗalibi shawarar ya dogara da shi.

Anka_Jiyo:
Mu a nan ramin rufaffe ne a ƙarƙashin ƙasa, tsofaffin ramukan haƙar zinariya da ke rufta wa mutane da dabbobi. Radar ƙasa tana iya gano su, amma da sharaɗi. A busasshiyar ƙasa mai εr kusan 9 (εr ma'aunin yadda ƙasa ke rage gudun igiya ne), gudun igiya mita 0.1 ne a nanosakan, eriya mai megahaz 250 tana ba da zango santimita 40. Rufin rami a zurfin mita 3 zai amso a nanosakan 60, ya zana baka mai bin t² = t₀² + 4x²/v², daga buɗewar bakan ake ciro v. Daga ƙasa zuwa iska rabon dawowa (3 − 1)/(3 + 1) = +0.5 ne. Idan ramin cike yake da ruwa, (3 − 9)/(3 + 9) = −0.5. Girman ɗaya, alamar ce ta juya, don haka wanda ya duba ƙarfin sigina kaɗai ba zai bambance su ba. Babbar matsalar laka ce mai laima. Raguwar kusan 1.69σ/√εr desibel ce a mita, σ yadda ƙasa ke wuce da lantarki ne, a milisimens a mita. A σ = 2 kusan desibel 1 ne, a σ = 50 ya haura 20, zuwa da dawowa mita biyu ma ba za ka gani ba. Aikin rani ne, da damina sai a koma awon juriyar lantarki.

Dakta_Aliero:
Mu dawo kan yaron nan kada a bar shi a hanya. Ko ya koma mataki na biyu akwai abin da zai hana shi samun saurin da ya kamata: kusurwoyi biyu na bakin rami. Kowacce digiri 270 ce ta ɓangaren iska, filin a wurin yana tafiya kamar r^(2/3), gangarensa kamar r^(−1/3), ba shi da iyaka a kan kusurwar. Da raga mai girma ɗaya, kuskuren gangare yana raguwa kamar h^(2/3) ne kawai, komai matakin da ka ɗauka. Maganin shi ne a matse raga wajen kusurwoyin nan biyu, a riƙa raba alwatikan da ke taɓa su gida biyu sau takwas ko goma. A manhajar FreeFEM umarnin adaptmesh yana yi. Wannan kusurwar ce kuma take sa lambobin salon abokinsa suke raguwa a hankali, kamar n^(−5/3). A k = 40 salo 12 ne ke tafiya, amma 12 ko 20 ba za su ishe shi ba, ya gwada 50 da 100 ya kwatanta.

Injiniya_Gusau:
Shawarata ya jefar da rabin da'irar ya sa PML na Bérenger na 1994, wato layi mai shanye igiya da ake zagaye yankin lissafi da shi. Kauri wajen zango ɗaya, shanyewa tana hawa kamar murabba'in nisa, ya tsawaita shimfiɗar ƙarfen har cikinsa. Aikin awa ɗaya ne.

Malam_Gwandu:
Injiniya, ga wanga rami PML asara ta. Tunda shimfiɗar miƙaƙƙa ta, sararin sama duka ana naɗe shi cikin sharaɗi guda a bakin rami: ka ɗauki Fourier na u, ka ninka da i√(k² − ξ²), ka dawo. Babu kusanta a ciki, daidai yake. Yankin lissafi ya ragu daga faɗin 16 zuwa 2, abubuwan nema daga 260,000 zuwa wajen 32,000. Kuma PML yana da nashi tsinin ƙarya in anka nemi rizonans a filin kompiles.

Injiniya_Gusau:
Allah ya gafarta Malam, daidai yake a takarda, amma yana kawo cikakken tubali a matiriks, kuma ƙwayarsa tana da tsananin fashewa da ɗalibi zai sha wuya kafin ya haɗa ta daidai. Ranar da aka ce ramin ya samu leɓe da ya ɗago sama da shimfiɗa, sharaɗin ya daina aiki a bakin. PML bai damu da wannan ba.

DanKaura:
Kowace ya ɗauka, kada ya sa GMRES, hanyar warware matiriks ta maimaitawa, tsirara. Matiriks ɗin Helmholtz ba mai alama ɗaya ba ne, zai yi ta zagaye ba ya sauka. A girma biyu da wannan adadi, warwarewa kai tsaye da manhajar UMFPACK ko MUMPS ta fi. Sannan ya duba daidaiton ƙarfi: abin da ya warwatsu ya dace da dokar gani ta rabin sarari.

Hafsat_Zuru:
A yi hattara da wannan gwajin, Malam DanKaura. A hanyar Galerkin mai sharaɗin baki na daidai, daidaiton ƙarfi yana fitowa da kansa daga ɓangaren zato na ikweshan ɗin, ko da raga ta yi gwari ƙwarai. Zai kama kuskuren alama ko na rubutu, amma ba zai kama saɓanin takin da Dakta ya lissafa ba. Wanda ya fi amfani a nan shi ne na kamanni: idan igiya ta faɗo kai tsaye, salo masu n mara kaɗai take tayarwa. Ya karkata ta zuwa digiri 30, sababbin tsini su fito daga k = 6.28 zuwa sama, tsofaffin su canza tsawo amma su tsaya a wurinsu. Wurin rizonans na rami ne, kusurwar shigowa ba ta motsa shi.

Dalibi_BK:
Na gode malamai, Allah ya ƙara ilimi. Na mayar da R zuwa 3.7, ƙananan tudun sun motsa, na kusa da 3.4 bai motsa ba. Saura mataki na biyu da matse kusurwa. Tambaya ɗaya: zanen igiyar da ta koma baya nake yi, a wasu wuraren rizonans ɗin kwari yake fitowa maimakon tsini.

Dakta_Aliero:
Haka yake yi. A nesa kana ganin haɗuwar abin da ya fito daga cikin rami da abin da baki da kusurwoyi suka warwatsa, wani lokaci su taru, wani lokaci su soke juna, wani lokaci tsini da kwari su zo manne. Ka zana jimlar |u|² a cikin ramin, can rizonans tsini yake fitowa.

Baba_Fiziks:
A k babba ma wannan zai rikice, domin salo goma sha biyu suna da rizonans da ke hawa kan juna, faɗinsu ya fi tazararsu. Daga nan ƙirga tsini ba ya da ma'ana. Idan k₀ da γ ake so, a nemo inda ditaminan na matiriks ɗin baki ya zama sifili a filin kompiles, a fara Newton daga lambobin akwati rufaffe da Hafsat ta jero, a ɗan sauko ƙasan layi.

Malam_Gwandu:
Newton daga nan zai kama na kusa da iyakar shiga, masu γ ƙarami. Masu faɗin zai tsallake su ko ya faɗa kan guda sau biyu. A fara ƙirga su da zagayen kwantuwa a san nawa ne cikin akwatin da anka zana, sannan a bi su ɗaya ɗaya, kuma a kiyaye kada zagayen ya ƙetare yankan reshen aikin Hankel da ke fitowa daga k = 0.